Ƙullutu a Hammata: A Duba Kafin a Yanka

 

Mai girma sarkin kasuwa, shugabannin 'yan kasuwa na ɓangarorin iyaka biyu, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa fatake da direbobi da 'yan dako, ina yi muku barka da war haka. Na san kowannenku ya bar rumfa ko tebur a hannun yaro kafin ya zo nan, saboda haka ba zan riƙe ku fiye da kima ba.

Maganar da ke tafe da ni ta shafi wani wuri ne a jiki wanda ba mu cika ambatonsa a bainar jama'a ba, wato hammata. Sau da yawa mutum yana wanka, ko yana aske gashin wurin, sai hannunsa ya ci karo da wani ƙullutu wanda bai san da shi ba. Ya latsa, babu zafi. Daga nan mutane sukan kasu biyu. Wani ya ce tunda ba ya ciwo ai ba komai ba ne, ya saki riga ya rufe, shekara ta zo ta wuce. Wani kuma tsoro ya kama shi, ya nufi wurin wanzami ko mai magani a tsaga a fitar. Dukansu biyu sun yanke hukunci a kan abin da ba su gani ba, alhali ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin cewa ba a cinikin biri a sama. Abin da nake so ku tafi da shi gida shi ne: hannu ba ya iya faɗin abin da ke cikin ƙullutun hammata, hoto ne yake faɗi, kuma hoton ake fara ɗauka kafin wuƙa ta taɓa wurin.

Abin da ke cikin hammata

Hammata a ido rami ne ƙarami, amma a ciki mararraba ce. Babbar jijiyar da ke kai jini hannu ta nan ta bi, haka ita ma wadda ke komo da shi zuwa zuciya. Ta nan kuma tarin jijiyoyin da ke sa hannu ya motsa, yatsu su ji zafi da sanyi, suka ratsa daga wuya suka gangara. Ban da waɗannan akwai 'yan ƙwayoyin kaluluwa sama da ashirin a kowace hammata, aikinsu tace ruwan jiki da ke fitowa daga hannu da ƙirji da nono, kamar yadda shingen kan hanya yake tare kaya a bincika. Dukan waɗannan abubuwa a cikin kitse suke kwance.

Saboda haka abubuwa da yawa suna iya fitowa da siffar ƙullutu a wannan wuri. Akwai kaluluwa ta yau da kullum, wadda kan taso idan mutum ya ji rauni a yatsa ko miki ya ruɓe a hannu, ta kuma sauka idan raunin ya warke. Akwai maruru, mai zafi da ja da mugunya. Akwai kaluluwar tarin fuka, domin ƙwayar cutar ba a huhu kaɗai take zama ba, kuma wannan tana warkewa da maganin wata shida wanda ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati, a Nijeriya da Nijar. Akwai ragowar naman nono wanda ake haifar wasu mata da shi a hammata, mace biyu zuwa shida cikin ɗari, yakan kumbura lokacin al'ada ko goyon ciki ko shayarwa. Jariri ma wani lokaci kaluluwa takan fito masa a hammata bayan allurar rigakafin tarin fuka. Akwai ciwon daji na ƙwayoyin kaluluwar kansu, akwai kuma ciwon dajin nono, wanda hammata ce zangonsa na farko idan ya fara tafiya. Sannan akwai wanda ya tara mu a yau, wato ƙarin kitse.

Mene ne ƙarin kitse?

Ƙarin kitse, wanda likitoci ke kira lifoma, ƙwayoyin kitse ne da suka hayayyafa a wuri guda suka dunƙule, wani tantani siriri ya kewaye su. Shi ne ya fi kowane irin ƙari na nama yawa a jikin manya, ya kuma fi fitowa tsakanin shekara 40 zuwa 60. Idan ka taɓa shi za ka ji laushi kamar ƙullin fulawa, yana zamewa a ƙarƙashin yatsa, galibi ba ya ciwo, girmansa kuma a hankali yake, shekara da shekaru. Ba ciwon daji ba ne, ba ya bazuwa zuwa huhu ko hanta, ba a ɗaukarsa daga wani. Ba cin kitse ko man shanu ne ke kawo shi ba, kuma ko mutum ya rame shi ba ya ramewa. A wasu gidaje gado ne, za ka ga uba da 'ya'ya duk suna da shi.

Wuraren da ya saba fitowa su ne gadon baya da ƙeya da kafaɗa da damtse da cinya. A hammata ba kasafai ake samunsa ba, kuma wannan ƙarancin shi ne ya sa likita ba ya gaggawar cewa kitse ne kawai. Mafi yawa ba ya wuce santimita 5, wato kamar ƙwan kaza. Amma a hammata yana da wurin ɓuya, yana iya shiga ƙarƙashin tsokar ƙirji ya yi ta girma ba a sani ba, har ya wuce santimita 10 ko ya kai nauyin kilo guda. Idan ya kai haka yakan danne jijiya, yatsu su riƙa yin sanyi ko tsira kamar ana soka allura, hannu ya yi nauyi ko ya kumbura, mai dako ya kasa ɗaga kaya, mai tuyar ƙosai ta kasa juya cokali.

Yana da 'yan uwa waɗanda suka fi shi ƙaranci. Ɗaya shi ne hibanoma, ƙarin da ke fitowa daga wani irin kitse mai ruwan ƙasa-ƙasa, wanda jarirai suke da shi da yawa domin ɗumama jikinsu, ragowarsa kuma takan saura a wuya da kafaɗa da hammata bayan an girma. Wani likitan Jamus mai suna Merkel ya fara bayaninsa a 1906, sannan a 1914 wani Bafaranshe, Louis Gery, ya raɗa masa suna, saboda ya yi kama da kitsen dabbobin ƙasashen sanyi masu kwana duk tsawon hunturu. Shi ma ba daji ba ne, amma jijiyoyin jini sun yi masa yawa, har wani lokaci a ji fatar wurin da ɗumi, kuma a hoto yakan rikita likita. Wani kuma na yara ne ƙanana, galibi 'yan ƙasa da shekara uku.

Sai dai akwai wani mai kama da su wanda ba ɗan uwansu ba ne. Sunansa lifosakoma, ciwon daji ne na kitse. Yana da ƙaranci ƙwarai, amma a farkonsa shi ma laushi gare shi, shi ma ba ya ciwo. Kama da wane ba ta wane.

Mata biyu, ƙullutu iri ɗaya

Ku ƙaddara mata biyu masu sayar da kayan miya a layi ɗaya, kowace ta haura arba'in, kowace ta ji ƙullutu kamar goro a hammatar hagu, ba zafi. Ta farko nata ƙarin kitse ne. Ko ta bar shi shekara goma, iyakarsa ya ƙara girma ya dame ta wajen sa riga. Ta biyu kuwa nata kaluluwa ce da ta taso saboda wani ɗan ƙaramin ciwon daji da ke ɓoye a cikin nono, wanda ita kanta ba ta taɓa jinsa ba. Wata shida na jira a wurinta yana iya zama bambanci tsakanin ciwon da ake warkarwa da wanda ya gagara.

Da za ku tambaye su, labarinsu ɗaya ne. Ko likita ƙwararre, da hannu kaɗai, zato zai yi. Ta farko tana bukatar hoto domin hankalinta ya kwanta, ta daina kwana da fargaba, ta daina kashe jarinta wurin masu magani. Ta biyu tana bukatarsa domin ranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da ciwon dajin nono a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu. Hukumar ta sa burin cewa daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti da irin wannan koke zuwa ranar da aka kammala binciken, kada a wuce kwana 60. Maza ma kada su ce ba ruwansu, domin namiji yana kamuwa da dajin nono, ko da yake da wuya, shi kuwa ƙarin kitse bai bar kowa ba.

Hotuna huɗu, kowane da aikinsa

Tun da Wilhelm Rontgen ya gano hasken da ke ratsa jiki a Jamus a 1895, likitoci suka sami hanyar ganin ciki ba tare da yanka ba. Amma hoton ƙashi da muka saba da shi, wanda 'yan uwa na Nijar ke kira radiyo, ba ya nuna nama sosai, saboda haka ba shi ake fara nema a wannan matsala ba.

Na farko shi ne hoton sauti, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. A Nijeriya sikanin ake ce masa, a Nijar kuma eko ko ekogirafi. Mai sayen tukunya yakan ƙwanƙwasa ta ya saurari amonta, ya gane ko ta tsage. Haka wannan na'ura take yi: tana aika sauti wanda kunne ba ya ji, sautin ya bugi abin da ke ciki ya dawo, ta mayar da shi hoto. Za a shafa wani ruwa mai yauƙi a hammata, a ɗora kan na'urar, cikin kamar minti goma sha biyar an gama. Babu zafi, babu allura, ba a bukatar a zo da yunwa, kuma ba ya cutar da mai ciki. Da shi likita zai gane ko ruwa ne a ciki ko mugunya ko nama. Ƙarin kitse yakan fito da siffar ƙwai a kwance, gefensa sumul, da wasu zare-zare sirara a jere da fata, jini kuma ba ya yawo a cikinsa sosai. Kaluluwa mai lafiya siffar wake gare ta, da ɗan kitse a tsakiya. Idan ta zama kewayayya, ɓawonta ya yi kauri, kitsen tsakiyar ya ɓace, to an san akwai abin bincike. Ga ƙaramin ƙullutu da ke kusa da fata, sau da yawa wannan hoto kaɗai ya wadatar. Shi ne kuma mafi araha, mafi sauƙin samu.

Na biyu shi ne hoton nono, mamogirafi. Idan mace ta kai kimanin shekara 40 ta zo da ƙullutu a hammata, likita zai so ya duba nonon ma, ko da ba ta ji komai a cikinsa ba, saboda dalilin da na faɗa a labarin mata biyu. Ana matse nono tsakanin faranti biyu na ɗan lokaci, akwai rashin daɗi amma ba ya daɗewa. Kitse a wannan hoto baƙi yake fitowa, saboda hasken yana ratsa shi da sauƙi. Ranar da za a yi shi, kada a shafa hoda ko turaren hammata, domin ɓurɓushinsu yana fitowa a hoto kamar alamar ciwo.

Na uku shi ne hoton maganaɗisu, wanda takardun Ingilishi ke rubutawa MRI, na Faransanci kuma IRM. Shi ne gwani a kan kitse. Mutum zai kwanta a shigar da shi cikin wata na'ura mai kama da rami, tana ƙara da ƙarfi, na tsawon rabin awa ko fiye, ba ya motsi. Hikimarsa ita ce ana ɗaukar hoto iri biyu. A na farko kitse yana fitowa fari tas. A na biyu ana umartar na'urar ta dushe duk wani kitse. Idan ƙullutun ya yi fari a na farko, ya kuma dushe gaba ɗaya a na biyu daidai da sauran kitsen jiki, to an tabbatar kitse ne zalla. Idan kuwa wani ɓangare ya ƙi dushewa, ko aka ga bango a ciki mai kaurin da ya wuce milimita 2, ko wasu dunƙule-dunƙulen da ba kitse ba, to sai an ci gaba da bincike, domin hibanoma da lifosakoma duka suna iya nuna haka. Wannan hoto kuma shi ke nuna wa likitan tiyata inda ƙarin ya tsaya da inda jijiyoyi suka bi, kamar taswirar hanya. Ana nemansa idan ƙullutu ya wuce santimita 5, ko yana can ƙarƙashin tsoka, ko yana girma da sauri. Tunda maganaɗisu ne mai ƙarfi, sai an cire 'yan kunne da awarwaro da tsabar kuɗi da waya da duk layar da ke da ƙarfe. Wanda aka sa wa na'ura a zuciya, ko maƙeri da mai walda da ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, ya faɗa tun kafin ya shiga.

Na huɗu shi ne siti sikan. Wannan da haske irin na hoton ƙashi yake aiki, yana yanka jiki a hoto kamar yadda ake yanka burodi, cikin 'yan mintuna. Yana auna nauyin kowane nama da lamba: ruwa sifiri ne, kitse kuma tunda ya fi ruwa sauƙi yana faɗawa ƙasa da sifiri, wajen ɗari. Inda babu hoton maganaɗisu, yana taimakawa ƙwarai. Mai ciki, ko wadda take zaton tana da ciki, ta faɗa kafin a yi mata. Mai ciwon ƙoda ma ya faɗa, domin wani lokaci ana yin allurar ruwan da ke haska jijiyoyi.

A nan akwai wani ruɗani da ya shafe mu mutanen iyaka. Abin da ɗan Kano ko Katsina ke kira sikanin, hoton sauti ne mai araha. Abin da ɗan Maraɗi ko Damagaram ke kira sikana, siti sikan ne mai tsada. Sunaye sun yi kama, na'urori daban, kuɗi daban. Kafin ka biya, ka nuna takardar likita, ka tambaya wanne aka rubuta.

Allura da wuƙa

Idan hoto bai yanke magana ba, sai a ɗebo ɗan samfur. Mai sayen hatsi ba ya farke buhu, yakan soka ƙarfen nan mai rami ya zaro 'yan ƙwayoyi ya duba. Haka likita yake yi: ya kashe zafin wurin, ya sa allura yana kallon hoton sauti domin kada ya taɓa jijiya, ya zaro nama kamar tsinken ashana, a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Amsa takan ɗauki kwanaki ko 'yan makonni.

Na san abin da ake faɗa a gidajenmu, wai daji ba ya son ƙarfe, da an soka masa allura sai ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya riga ya yi nisa, idan ya ci gaba bayan gwaji sai a ɗora wa allurar laifi. Allurar gwaji a hannun wanda ya ƙware ba ita ke baza ciwo ba. Abin da ke da haɗari na gaske shi ne yanka ba tare da hoto ba.

Wanzamai iyayenmu ne, suna da matsayinsu a cikin al'umma, kuma ina girmama su. Amma ina roƙonsu, ina kuma roƙon masu kemis da duk wani mai yin ƙananan ayyuka a ɗaki, kada a yi tsaga ko sakiya ko ƙaho a kan ƙullutun hammata. Idan aska ta sami babbar jijiyar jini, mutum yana iya rasuwa kafin a sami mota. Idan ta sami jijiyar motsi, hannu yana iya shanyewa har abada. Idan kaluluwar tarin fuka ce, sai ta zama miki mai yoyo wata da watanni. Idan kuwa daji ne aka yanke rabinsa, an warwatsa shi a cikin naman da ke kewaye, aikin da likita zai yi daga baya ya ninka. Haka nan man zafi da ƙulle-ƙullen shafawa ba sa narkar da ƙarin kitse, sai dai su ƙone fata.

Idan an tabbatar ƙarin kitse ne, ƙarami, ba ya damun mai shi, ana iya barinsa a riƙa lura da shi. Idan babba ne, ko yana danne jijiya, ko yana hana aiki, sai a cire shi da tantaninsa a asibiti. Idan an cire shi duka, da wuya ya dawo. Bayan aikin hammata ruwa yakan taru a wurin, shi ya sa wani lokaci ake barin 'yar roba ta kwana biyu. Kuma duk abin da aka ciro, ku nemi a kai shi gwaji, ku kuma koma ku karɓi sakamakon, ko da an ce muku da ido kitse ne.

Takardu su ƙetare iyaka tare da ku

Mu nan mutum yakan kwana a Jibiya ya yi azahar a Maraɗi, ko ya tashi daga Ƙonni ya ci kasuwar Illela ya wuce Sakkwato, ko daga Magarya ya sauka Kano. Neman magani ma haka yake bin hanyar fatauci. Hoton sauti ana samunsa a garuruwa da dama. Hoton maganaɗisu kuwa sai manyan birane, irin su Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, kuma yana da kyau a bincika ko na'urar tana aiki kafin a biya kuɗin mota.

Asarar da muka fi gani ita ce mutum ya yi hoto a wannan ƙasa, ya je waccan hannu rabbana, a sake sa shi ya biya. Saboda haka ku karɓi hoton kansa, ba takardar bayani kaɗai ba, ko a fim ko a faifai, ku kuma ɗauke shi a wayarku. Takarda tana iya zama da Ingilishi ko Faransanci, amma hoto ba shi da yare, santimita kuma ɗaya ce a ko'ina. Ku sa a rubuta girman ƙullutun da ranar da aka auna, domin awo biyu a lokuta daban-daban su ne ke nuna ko yana girma. Ku tara komai a leda ɗaya, kamar yadda kuke adana takardun kaya. Kada kuma ku zaɓar wa kanku hoto mai tsada don zaton ya fi kyau. A fara da ganin likita, sannan hoton sauti, shi zai nuna ko akwai bukatar gaba.

Yaushe za a tashi?

Duk ƙullutun hammata da ya wuce mako biyu zuwa uku bai sauka ba, a kai shi asibiti, ko yana ciwo ko ba ya yi. Kada a jira ko da mako guda idan ya kai girman ƙwan kaza, ko yana ƙaruwa a kan ido, ko yana da tauri kamar dutse, ko ya manne ba ya motsi, ko ya dawo bayan an taɓa cire shi. Haka nan idan hannu ya kumbura ko ya yi sanyi, ko an ga canji a nono, kamar kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fata ta yi kamar ɓawon lemo. Haka kuma idan akwai rama da zazzaɓi da gumin dare ko tari mai daɗewa.

Iyayenmu mata, na san kunya ado ce, amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Kuna da damar neman ma'aikaciya mace ta duba ku, ko ku shiga da 'yar uwa. Magidanta, idan uwargida ko amarya ta ce ta ji wani abu a jikinta, kada a ce ta bari sai bayan kaka ko sai kasuwa ta buɗe. Kuɗin hoton sauti bai kai abin da za a kashe idan ciwo ya yi nisa ba, balle a yi maganar rai. Shugabannin ƙungiyoyi da iyayen adashi, ku duba yadda za a riƙa tallafa wa wanda aka tura babban birni, domin kuɗin mota da masauki su ne kan tsayar da mutane a hanya. Malamanmu kuma sun sha gaya mana cewa neman magani ba ya kore tawakkali.

Mafi yawan waɗanda za su je a duba su, labari mai daɗi za su komo da shi: kaluluwa ce mai wucewa, ko naman nono ne, ko ƙarin kitse ne marar lahani. Kaɗan daga ciki za a sami abin da ke bukatar magani da gaggawa, kuma su ne za su fi kowa godiya da suka zo da wuri. Yau da dare idan kun shiga wanka, kowa ya ɗaga hannu ya laluba hammatarsa ta dama da ta hagu. Wanda ya ji wani abu, ma'aikatanmu suna nan, za su duba shi su rubuta masa takardar zuwa inda ya dace.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya a ƙasashenmu, ya sa albarka a kasuwa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.